Bijimin Kaduna Da Sana'ar Da Jarinta Gwiwa Ce

 Akwai wata mas'ala da ta shigo gidajenmu ba sallama, tun daga Karaye har Rogo da ƙauyukan da ke tsakaninsu, ita ce mas'alar tamaula, wadda yaran yanzu ke ce wa ƙwallon ƙafa. Da la'asar sakaliya kowane filin makaranta cike ya ke da samari suna bin fata guda, da dare kuwa su cika gidajen kallo suna gardama a kan ƙungiyoyin Ingila, sai ka ce a can aka binne cibiyarsu. Wannan duka da sauƙi. Inda zancen ya yi nauyi shi ne ranar da ɗa ya durƙusa gaban ubansa ya ce shi fa ya zaɓi sana'a, tamaula zai buga, a ba shi kuɗin mota zuwa Kano ko Kaduna a gwada shi. Wani uban ya hau faɗa bai san abin da ya ke hanawa ba, wani kuma ya ji ana ambaton miliyoyi ya sa albarka bai san abin da ya yarda da shi ba. Alhali kuwa babu ɗan kasuwar kirki da zai sa ɗansa wani fatauci sai ya tambayi mene ne jarin, kuma in kaya suka faɗa rafi me zai rage. Don haka ya kamata mu buɗe littafin lissafin mutum guda wanda ya yi wannan sana'a tun daga farkonta har ƙarshenta, sa'an nan ya shiga ta biyu da ke bin bayanta, watau horar da 'yan wasa.

Mutumin shi ne Daniel Amokachi. An haife shi a Kaduna ran 30 ga Disamba 1972, a can ya tashi, Hausa kuwa a bakinsa kamar ta kowa. Ba nesa ya ke da mu ba, gama mutumin Rogo in ya fito gida ya fi kusa da Zariya bisa ga birnin Kano, daga Zariya zuwa Kaduna kuwa tafiyar hantsi ce a mota.

Yana yaro matashi ya shiga ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna, wadda a zamanin nan ta ke cikin ganiyarta, har ta ci kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma a 1989. A cikin wannan shekara aka ɗauko wani Bature mutumin Holan, Clemens Westerhof, aka ba shi riƙon ƙungiyar Nijeriya. Shi wannan Bature ba a san shi da wani suna a fagen wasa ba, amma Allah ya ba shi idon sanin doki tun yana ɗan duƙushi. Ya ga yaron, ya ga faɗin ƙirji da gudu da rashin tsoro, ya ɗauke shi zuwa gasar kofin Afirka a Aljeriya cikin watan Maris 1990, yana da shekara 17. A wasan farko masu masauki suka lallasa Nijeriya da ci 5 da 1. Yaran ba su karaya ba, suka yi ta hayewa har wasan ƙarshe, suka sake gamuwa da Aljeriya, ta ci su 1 da nema.

Daga nan sai ƙasar Beljiyam, wurin ƙungiyar Club Brugge. A nan ya kamata in tsaya in warware wata kalma da ke firgita dattawa, watau in an ce an sayar da ɗan wasa. Ba mutum a ke sayarwa ba, haƙƙin aikinsa ne na wasu shekaru da aka rubuta a takarda. Kuɗin cinikin na ƙungiyar da ta sake shi ne, dillali ya ɗauki la'adarsa, shi ɗan wasa abin da ke nasa albashi ne da ɗan abin da aka ƙulla masa. Saboda haka in kun ji an ce an sayi wane miliyan kaza, kada ku ɗauka a aljihunsa aka zuba.

A Beljiyam ya yi shekara huɗu. Ran 25 ga Nuwamba 1992, daren da aka fara wasannin rukuni na gasar zakarun Turai da sabon sunanta, wadda samarinmu ke hana idonsu barci dominta yau, shi ne ya fara jefa ƙwallo a raga, a karonsu da ƙungiyar sojojin Masko. Duk abin da aka ci bayan wannan, dubbai ne, amma na farin ɗan Kaduna ne ya ci shi.

Shekarar 1994 ita ce kakarsa. Cikin Afrilu Nijeriya ta ci kofin Afirka a Tunis, ta doke Zambiya 2 da 1, Stephen Keshi na shugaban 'yan wasa. Cikin Yuni suka tafi Amurka gasar kofin duniya, karo na farko ke nan da Nijeriya ta taka wannan fage. Amokachi ya ci ɗaya a kan Bulgeriya, ya ci ɗaya a kan Girka, ita ta Girka kuwa daga nesa ya ɗirka ta bayan ya ratsa mutane kamar sa ya tsinke igiya a kara. Irin wannan ne ya sa aka yi masa laƙabi da Bijimi. Ranar da suka gamu da Italiya ya ji ciwo tun ba a je hutun rabin lokaci ba aka fitar da shi, Italiya ta farke ana saura minti biyu a tashi, ta ƙara ɗaya a ƙarin lokaci. Duk da haka kasuwarsa ta riga ta buɗe. Kafin damina ta fita ƙungiyar Everton ta birnin Libaful a Ingila ta biya fam miliyan 3 ta ɗauke shi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

To, amma wanda ya sayo shi, Mike Walker, bai yi wata uku ba bayan cinikin aka sallame shi. Wanda ya gaje shi, Joe Royle, yana da nasa mutanen da ya fi so, sai Bijimi ya koma zaman benci, yana kallon waɗansu na wasa. Wannan ita ce aya ta farko da ya kamata uba ya riƙe: ɗan tamaula ko ya kai ina, abincinsa a hannun ra'ayin mutum guda ya ke, mutumin nan kuwa ana iya canja shi dare ɗaya.

Ran 9 ga Afrilu 1995 aka yi abin da har yau mutanen Everton ke ba 'ya'yansu labari. Suna wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙalubalen Ingila da ƙungiyar Tottenham, a birnin Lids, suna gaba da ci 2 da 1, sai ɗan wasansu na gaba, Paul Rideout, ya ji ciwo aka fitar da shi gefe ana dubawa. Mai horarwa ya ce a dakata a ga ko zai iya komawa. Amokachi bai dakata ba. Ya tuɓe rigar sanyi, ya je wurin jami'in da ke lura da canji ya nuna masa an ce ya shiga, ya faɗa fili, maigidansa na tsaye baki buɗe. Kafin a tashi ya ci biyu, aka gama 4 da 1. Cikin watan Mayu suka doke Manchester United 1 da nema suka ɗauki kofin, kuma shekara talatin bayan wannan Everton ba ta sake ɗaukar wani babban kofi ba. Royle da kansa ya riƙa ba'a da abin daga baya, yana cewa canjin da ya fi kowane amfani a rayuwarsa shi ne wanda ba shi ya yi ba.

Jama'a sun yi ta tafi, mu ma ba za mu hana jarumi yabonsa ba. Amma a duba da idon basira. Da ƙwallayen nan biyu ba su shiga ba, da Tottenham ta farke, da sunan abin da ya yi rashin ladabi, watakila kuma ranar ce ƙarshen zamansa a Ingila. Yaron shago da ya ɗauki kuɗin maigida ba izini ya sari kaya, in an ci riba a ce yana da wayo, in an faɗi a kira shi da wani suna. Ku riƙe wannan labari, za mu komo kansa.

A 1996 aka sayar da shi ga Besiktas ta birnin Santambul a kan fam miliyan 1 da dubu 750. A cikin wannan shekara ne kuma Nijeriya ta ci zinariya a wasannin Olimfik na Atlanta, ta fitar da Barazil 4 da 3, ta doke Ajantina 3 da 2 ran 3 ga Agusta. Ana bin su 2 da 1 Amokachi ya farke, Emmanuel Amunike ya cike. Abin lura ga mutanen Arewa shi ne a cikin wannan ayari akwai 'yan Kaduna har biyar: shi, da Garba Lawal, da Tijjani Babangida, da 'yan'uwan nan biyu Celestine da Emmanuel Babayaro.

Sa'an nan sai gwiwa.

Ku sani, gwiwar ɗan Adam ƙasusuwa ne da aka ɗaure da jijiyoyi, aka shimfiɗa guringuntsi tsakaninsu don kada su goge juna. Fata in ta yanke tana haɗewa, ƙashi in ya karye maɗori na ɗora shi, amma guringuntsi in ya cinye ba ya tofowa kamar da. Ɗan tamaula kuwa, balle mai nauyin jiki wanda wasansa duka ƙarfi ne da gudu da juyawa farat ɗaya, kullum a kan wannan shimfiɗa ya ke cin abinci. A gasar kofin duniya ta 1998 a Faransa wasa ɗaya tak Amokachi ya yi, da Bulgeriya, ciwon gwiwa ya zaunar da shi. A 1999 ya rabu da Besiktas bai cika shekara 27 ba, shekarun da ɗan koli ke fara tsayawa da ƙafarsa, maƙeri kuwa bai ma gama fita hannun ubansa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi ban tausayi a labarin. Al'adar ƙungiyoyin Turai ce ba su sa hannu a takarda sai likitansu ya duba mutum, kamar yadda mai sayen doki ke buɗe baki ya ga haƙori, ya ɗaga ƙafa ya ga kofato. Ƙungiyar 1860 Munich ta Jamus ta yi ciniki da shi, likita ya duba gwiwa, aka warware cinikin. Ya gwada Tranmere a Ingila, ba a ɗauke shi ba. Ya gwada Créteil a Faransa, haka. A 2002 ya haye Amurka wurin Colorado Rapids, aka sallame shi tun ba a fara kakar wasa ba. Mutumin da aka biya fam miliyan 3 dominsa, sunansa na nan, saninsa na nan, amma hajar ba ta sayuwa ko a kan sule. Mai rake in ya yi hasara bana gonarsa na nan, ya sake dasawa baɗi. Wannan sana'a gonar ce da kanta ruwa ke tafiya da ita.

A nan ne zan ce wa iyaye abu biyu da suka shafi aljihunsu. Na ɗaya, a wannan kasuwa kuɗi daga ƙungiya su ke gangarowa zuwa ga yaro, ba su hawa daga uban yaro zuwa ga kowa. Duk dillalin da ya zo ya ce a sayar da gona ko shanun huɗa a ba shi don ya kai yaro Turai gwaji, a tuhume shi, gama an sha yasar da 'ya'yan mutane a biranen da ba su san kowa ba ta wannan hanya. Na biyu, tun 2001 hukumar ƙwallon duniya, FIFA, ta hana a ƙetare da yaro wata ƙasa don wasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan halaye ƙididdigaggu. Amokachi ya fita yana 17 ne domin a 1990 ba a kafa wannan doka ba. Wanda ya yi maka alkawarin irin tafiyarsa ga ɗanka mai shekara 15, ko dai bai san doka ba, ko ya san ba ka sani ba.

To, da wasa ya ƙare sai ya juya ga horarwa, kamar yadda da yawa daga cikin tsaransa suka yi. Samari na ɗauka wannan tsani ne a jingine, kowane gwanin wasa in ya tsufa sai ya taka. Malamai sun fi kowa sanin ba haka ba ne. Sau nawa muka ga gardi mai zaƙin murya, tilawarsa ba gargada, amma a ba shi ƙolo guda ya koya masa babbaƙu da farfaru, kafin azahar ya ƙosa ya ɗauki bulala? Abin da ya zo wa mutum da sauƙi shi ya fi wuyar koyarwa, domin bai san inda a ke tuntuɓe ba. Wanda ƙirjinsa ke ture mutum biyu, yaya zai fahimci siririn yaron da sai ya yi dabara? Ban da wannan kuma akwai karatu. A Ikko akwai makarantar wasanni ta ƙasa inda a ke koyar da masu horarwa, hukumar ƙwallon Afirka kuma tana ba da takardar shaida hawa hawa, kamar ijaza, ba a ba mutum babbar ƙungiya sai da ita.

Ku tuna kuma da ranar Lids. Halin da ya ɗaukaka shi a ranar, watau ya ga dama ya faɗa ba da izini ba, shi ne halin da mai horarwa ba ya iya haƙuri da shi daga yaransa, in ba haka ba kowa ya shiga fili sa'ad da ya ga dama. Wanzami ba ya son jarfa. Wanda ya saba in abu ya ƙi ya sa ƙarfinsa ya gyara, yanzu an tsayar da shi bayan farin layi, ƙafarsa ba ta da izinin taɓa ƙwallo, sai dai ya yi ta kira da nuni, mutum goma sha ɗaya su yi daidai ko su ɓata, shi kuwa a tambaye shi.

Ya riƙe Nasarawa United ta Lafiya, ya riƙe Enyimba ta Aba. A 2015 ya karɓi ƙungiyar Ifeanyi Ubah, mako biyar ya ajiye. A gaskiya, a ganina, ba a kujerar shugaba ya fi amfani ba. Inda ya yi aikin da za a tuna shi ne mataimakin mai horar da ƙungiyar ƙasa, muƙamin da ya riƙe fiye da sau ɗaya: ya ajiye a 2007, aka komo da shi a 2008 ƙarƙashin Shu'aibu Amodu, sa'an nan ya bi Keshi da aka naɗa a ƙarshen 2011. Wannan ba ƙasƙanci ba ne. Fataken da sun san ayari ba ya tafiya da madugu kaɗai, sai da jagaba wanda ya taɓa bin hanyar, ya san mashaya, ya san inda 'yan fashi ke kwanto. Yaron da zai fita gaban mutum dubu tamanin karo na farko, cikinsa na kaɗawa, ya fi jin maganar wanda ya taɓa tsayawa a wurin.

Keshi ya yi abin da aka daɗe ba a yi ba, ya ɗebi 'yan wasa shida daga ƙungiyoyin gida ya tafi da su gasar kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu, cikinsu har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. Aka yi ta zaginsa. Ran 10 ga Fabrairu ɗaya daga cikin shidan nan, Sunday Mba, ya ci Burkina Faso ƙwallo guda da ta kawo kofin, bayan shekara 19 ana nema. Keshi ya zama mutum na biyu da ya ci wannan kofi yana ɗan wasa kuma ya ci yana mai horarwa, bayan Mahmud al-Gohari na Masar. Amokachi na gefensa a 1994 cikin fili, yana gefensa a 2013 bakin fili.

Sai dai kada wannan ya rufe mana ido ga yadda kujerar ta ke. A cikin shekarar da Keshi ya kawo kofi an yi watanni ba a biya shi albashi ba, a 2015 aka sallame shi. Tun kafin wannan ya kai ƙasar Togo gasar kofin duniya ta 2006, abin da ba ta taɓa samu ba, aka cire shi kafin a tafi, wani Bature ya je ya ci girkin. Amodu kuwa, wanda shi ma karayar ƙafa ce ta raba shi da wasa tun bai yi suna ba, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen masu horarwa na ƙasar nan, ya ci kofin Afirka na ƙungiyoyi da BCC Lions ta Gboko a 1990. Sau biyu yana kai Nijeriya gasar kofin duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyu ana karɓe ragamar daga hannunsa ana gab da tafiya. Su biyun suka rasu a birnin Benin cikin mako guda, Keshi ran 7 ga Yuni 2016, Amodu ran 10.

Mu nan Kano mun ga mai irin wannan tafarki da ya dace. Kadiri Ikhana na cikin waɗanda suka ci wa Nijeriya kofin Afirka na farko a 1980, ya koma horarwa ya ci kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003, sa'an nan ya zo ya ba Kano Pillars kambinta na farko a 2008. Amma a yi lissafi. Babban rukunin gasar Nijeriya ƙungiya 20 ne, kowace tana ɗaukar 'yan wasa fiye da ashirin, kowace kuwa shugaban masu horarwa ɗaya gare ta. Ƙofar farko ƙunci gare ta, ta biyun ta fi ta ƙunci nesa ba kusa ba, ga kuma tsofaffin 'yan wasa na fitowa kowace shekara suna layi a bakinta.

Shi ya sa ba abin mamaki ba ne inda neman kujera ya kai Bijimi. Cikin Janairu 2016 ya karɓi wata ƙaramar ƙungiya mai suna JS Hercules a garin Oulu, can arewacin ƙasar Finlan, wadda a lokacin ta ke wasa a rukuni na uku. Gari ne da teku ke daskarewa a bakinsa da hunturu, rana ta fito da hantsi ta faɗi kafin la'asar, sanyin da mu ke kuka da shi a bakin dam ɗin Challawa kuwa a can bazara ce. Mutumin da ya ci ƙwallo a gaban duniya a Dalas da wasannin Olimfik na Atlanta, ga shi cikin rigunan sanyi yana koya wa samari, waɗanda yawancinsu ba a taɓa jin sunansu ba, yadda a ke tsayuwa da yadda a ke miƙa ƙwallo. Waɗansu sun yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba, gama wanda ya yarda ya koma ƙaramin aji ya zauna da allo bayan an yi masa kirari a fada, lalle da gaske ya ke son sana'ar.

A farkon 2020 Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya naɗa shi jakadan ƙwallon ƙafa na Nijeriya. Muƙami ne na girmamawa, babu benci a cikinsa, babu 'yan wasa.